Mai Dalili, Wadda Ta Sada Ganye da Saiwa

Kafin rana ta gama fitowa, ɗakin gilashin da ke bayan cibiyarmu ta binciken tsirrai yakan zama kamar wurin da ba a gama farkawa daga mafarkinsa ba. Raɓa ta lulluɓe gilasan daga ciki, haske yana shigowa a jiƙe, ba ka iya bambance inda feshin ruwa ya ƙare da inda ganye ya fara. A irin wannan lokaci ne take tura ƙofa da kafaɗa, domin hannu ɗaya yana riƙe da jaka, ɗayan da gorar shayi. Sai ta cire takalmin waje ta sa na roba, ta ɗora farar riga a kan kayanta, ta tsaya a bakin layin farko ba tare da ta taɓa komai ba tukuna. Iska take shaƙa. Ta ce ƙasar da aka cika wa ruwa da wadda ƙishi ya kama, kowacce da irin ƙamshinta.

Daga nan sai ta bi layuka a hankali. Ta ɗaga wannan tukunyar shuka ta ji nauyinta, ta juya wancan ganye da bayan yatsa ta leƙa ƙarƙashinsa. In ta kai teburin ƙarshe, wanda ke kusa da famfo, sai ta jawo 'yar kujerarta ta katako, ta fito da sabuwar reza, ta datse kan wata shuka dab da ƙasa, ta bar guntun kara. Sannan ta zuba shayi a murfin gora ta zauna jira. Can sai ɗigon ruwa ya fara tsattsafowa a kan guntun karan, garau, yana girma yana rawa, gaba ɗaya ɗakin gilashin yana ciki a kife. Saiwa ce ke turo shi daga duhun ƙasa, ba ta san an cire wanda take aika wa ba. Da siririn bututun gilashi take tsotse shi, ta sa a ƙanƙara, ta hau bene ta kawo mini.

Ni ce mai aunawa. Aikina shi ne in zuba wannan ɗigo a na'ura in gano abin da ke cikinsa. Ita kuwa ma'aikaciyar ɗakin gilashi ce, ta yi fiye da shekara talatin a wurin, kuma a watan nan ta ajiye aiki. Ni Inna nake ce mata. Sauran jama'a, daga shugaban cibiya har mai gadi, Mai Dalili suke kiranta, kamar mai dalilin aure. Asalin sunan shi ne, babbar sana'arta haɗa kan wata shuka da gindin wata su manne su zama ɗaya, abin da masu lambu ke kira aure. Kan da aka yanko aka kawo, amarya take ce masa, tunda shi ya baro gidansu. Gindin da ke da saiwa kuwa maigida.

"Na haɗa aure ba adadi," in ji ta, "ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙara. In zama ya ƙi, bushewa kawai suke yi, ba tonon silili."

Ga wanda bai san abin da muke nema a ɗigon ruwan nan ba, bari in ɗan yi bayani yadda ni da ita muka saba yi wa baƙi. Shuka ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da baki. Amma ganyen da ke can sama ya san halin da saiwa ke ciki, saiwar ma ta san nasa. Wasu sinadarai ne ke kai-da-komo a tsakaninsu, ana ce musu homon, kuma ƙanƙantarsu ta kai a ce ƙwayar gishiri ɗaya a cikin tafki. Akwai wanda ake yi a tohon sama da sababbin ganye, sunansa oksin. Shi gangarowa yake yi ta ƙarƙashin ɓawo, ƙwayar halitta tana miƙa wa ta ƙasa da ita kamar masu miƙa bokiti hannu da hannu, kuma ba ya komawa baya. In ya isa saiwa, sai ta san akwai masu rai a sama, ta ƙara yaɗo. Akwai kuma wanda saiwa ke yi, saitokinin, shi yana bin ruwa ya hau ta cikin icce, ya ce wa ganye ya ci gaba da zama kore, ya ce wa idon reshe ya buɗe. Inna ba ta wahalar da harshenta da waɗannan sunaye. Mai Gangara da Mai Hawa take ce musu.

Abin da ya fi burge ta shi ne, shuka ba ta barin saƙo ya yi ta yawo bayan ya isar da abin da ya kawo. Wani ta rushe shi nan take. Wani kuma ta liƙa masa ɗan sukari ya yi shiru, ta adana shi a wani lungu, ran da buƙata ta taso ta cire sukarin ya farka. Ranar da na nuna mata haka a allon na'ura, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe ita ma tana da akwatin ƙarƙashin gado."

Ta taɓa gaya mini cewa da sassafe, in babu kowa kuma injin feshi ya yi shiru, takan ji kamar tana tsaye a gindin matattakalar wani babban gida, ana hawa ana sauka ba takalmi. Na ce, "Inna, wannan ai ba a jin sa da kunne." Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ke ma ai ba da ido kike ganinsa ba, na'ura ce ke ba ki labari."

Farkon abin da ya haɗa ni da ita sosai, lokacin ina ɗalibar digiri na uku ne. Farfesa, malamina, dattijo mai yawan mantuwa da tabarau a kansa, ya ba ni wani nau'in tumatir mai larura. Shi wannan tumatir ba ya miƙewa. Kowane ido a jikinsa sai ya fito da reshe, kowane reshe ya fito da wani, har ya zama dunƙulen ganye ba tsawo ba 'ya'yan kirki. Zargin Farfesa shi ne akwai wani saƙo na uku da saiwa ke aikawa sama, mai cewa rassa ya isa haka, kuma wannan nau'in ba ya iya yin sa. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a aura kan mai larurar a kan saiwar lafiyayye a gani. Matsalar ita ce dole a yi auren tun tsiron yana siriri kamar zaren ɗinki, kafin rassan su fara.

Inna ta gwada zare, ya yanke karan. Ta gwada takarda mai danƙo, ta ruɓar da shi. Ta gwada jingina su kawai a kan jiƙaƙƙiyar auduga, da safe a tarar amarya ta zame gefe. Damina ta wuce, rani ya wuce, wa'adin karatuna yana ta matsowa. Na fara tunanin tattara takarduna in koma gida in nemi koyarwa.

A tsakiyar haka mijinta ya kwanta asibiti. Tela ne, mutum mai barkwanci, ciwon ciki ya kayar da shi. Ta ɗauki hutu ta zauna jinya. Shi da bakinsa ya ba ni labarin daga baya. Ya ce ya buɗe ido da hantsi ya gan ta ta ƙura wa hannunsa ido, fuskarta duk tausayi, har ransa ya yi sanyi.

"Na ce mata, kada ki damu, da sauƙi. Sai ta ce, 'Malam, ɗan juyo da hannun in ga robar nan.' Wallahi ashe ba ni take kallo ba, robar ƙarin ruwa take kallo!"

Ta tambayi nas ko akwai wadda ta fi wannan siranta, aka ce akwai ta jarirai. Ta roƙi sabuwa guda ɗaya. Da ta dawo aiki, ta yanyanka ta gutsi-gutsi kamar tsawon ƙwayar shinkafa, ta tsaga kowanne ta gefe. A ƙarƙashin madubin ƙara girma take zura maigida ta ƙasa, amarya ta sama, bakin yanka ya haɗu da bakin yanka a cikin 'yar robar, tana riƙe numfashi har sai ta saki. In karan ya yi kauri, robar da kanta take buɗewa ta faɗi.

Bayan 'yan makonni ta aiko a kira ni da Farfesa. Muka shiga muka tarar da layi biyu. A hagu, masu larura a kan saiwarsu, dunƙule-dunƙule kamar kullum. A dama, irinsu ne sak, amma a kan saiwar lafiyayye, sun miƙe sambal, kara ɗaya, suna neman rufin gilashi. Farfesa ya laluba tabarau a aljihu bai samu ba, Inna ta nuna masa kansa. Ya sa, ya duba, ya kifa wani bokiti ya zauna a kai. Ya bi layukan biyu da ido.

"Mai Dalili," ya ce a ƙarshe, "wannan aure ya yi albarka."

"Ranka ya daɗe, ai dama amaryar ba fitinanniya ba ce. Ba ta samu mai ce mata ya isa ba ne."

Na gama karatuna. Da aka buga sakamakon, Farfesa ya sa sunanta a sama tare da namu. Mijinta, Baba Tela, ya sa wa shafin gilashi ya rataya a shagonsa, kusa da hotunan ɗinkuna. Duk wanda ya zo gwajin riga sai ya nuna masa, ko da shi kansa bai iya karanta abin da ke ciki ba.

Ke ce, Inna, kika riƙe ni a wannan sana'a lokacin da ƙafata ɗaya ta riga ta fita. Ba ki taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Kullum dai in na sauko da safe sai in tarar kin sake shuka wani sabon faranti, kamar jiya ba a yi asara ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba a cibiya ya faru ba. A tsakar gidanmu ya faru.

Akwai bishiyar lemo a gidan mahaifina, tsakanin ɗakin girki da tankin ruwa. Mahaifiyarmu ce ta dasa ta shekarar da aka haifi autarmu, ta raine ta da ruwan wanke-wanke. Bayan rasuwarta, Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya daina aiki, magana ta koma fita da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage masa a duniya shi ne a fito da shi da safe a kujera a ajiye shi a ƙarƙashin lemon nan. A nan yake karyawa, a nan yake gyangyaɗi, wani lokaci a ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba.

Wata rana aka kai shi ganin likita, aka bar ƙofar gida a buɗe. Awakin maƙwabta suka shiga. Kafin a dawo sun ɓare ɓawon bishiyar daga gindi, sun zagaye ta kaf, faɗin tafin hannu, farin icce a waje.

Ban samu zuwa ba sai ƙarshen mako. Na tarar da Baba a inda ya saba, ganye kore shar a kansa, ga ƙananan 'ya'ya sun fara fitowa. Ya nuna sama da hannun hagu, ya yi murmushin rabin fuska.

"Lafiya... lau," ya ce.

Na tsuguna na duba gindin. Na san abin da nake gani. Ruwa ta cikin icce yake hawa, shi ya sa ganyen bai ji komai ba tukuna. Amma duk abin da ganye ke aikawa ƙasa, abinci da Mai Gangara, ta ƙarƙashin ɓawo yake bi, kuma an datse hanyar. Har leɓen ɓawon na sama ya fara kumbura, kaya sun zo sun tsaya ba wurin wucewa. Saiwa za ta ci abin da ta adana, ta jira, ta ji shiru. Daga nan ta daina yaɗo, ta daina aiko da nata saƙon, ganye ya yi rawaya. Bishiyar tana tsaye ne kawai, amma an riga an raba ta biyu.

Na ja yayana gefe na gaya masa. Shi mutum ne mai son a gama magana.

"To a sare ta mana tun bai gani tana mutuwa ba. In kawo sabon dashe, babba, a sa a wurin."

"Yaya, kana ganin ba zai gane ba?"

Ashe muryarmu ta kai. Muka ji ƙarar sanda a ƙasa. Baba ne yake buga ta, idonsa a kanmu.

"Uwarku," ya ce. Ya yi ta kokawa da kalma ta gaba, ba ta zo ba. Ya sake cewa, "Uwarku." Ranar bai ci abincin rana ba, washegari ma haka.

Na san a littafi akwai abin da ake yi, ana kafa wa raunin gada da ƙananan rassa. Amma ban taɓa yi ba, kuma hannuna na na'ura ne. Na buga wa Inna waya. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Iccen ya bushe ko da sauran danshi?" Na ce ya fara bushewa. Ta ce, "Ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, ki shayar da bishiyar sosai. Gobe ina tafe."

Ta zo da hantsi, ranar hutunta, da jakarta. Ba ta nufi bishiyar ba. Wurin Baba ta fara zuwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi jiki, ta jira har ya gama haɗa amsarsa, ba ta ƙarasa masa ba kamar yadda mu muke yi.

"Malam," ta ce, "ba zan yi maka alkawari ba. Amma zan gwada. Sai dai ina buƙatar mataimaki, yaran nan kuwa gaggawa gare su. Za ka riƙe mini?"

Ta hau kan tanki da kanta, da shekarunta, ta zaɓo rassa masu kaurin fensir, ta sauko. Kowanne ta tsige ganyensa, ta yi masa alama a ƙarshen da ke kallon ƙasa. Yaya ya tambayi dalili.

"Reshe ya san samansa da ƙasansa, ɗana. Ko ka yanke shi ka juya shi, abin da ke gangarowa ta hanyar da ya saba zai bi. In na kafa shi a kife, zai mayar da kaya inda suka fito."

Ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ta ɗora a cinyar Baba, ta ɗora hannunsa na hagu a kai. Sannan ta zauna a ƙasa dirshan, ta gyara bakin raunin sama da ƙasa da wuƙa har ta kai ga ɓawo mai rai. Ta tsaga ɗan wuri a sama, ɗan wuri a ƙasa. "Malam, miƙo ɗaya." Baba ya laluba, ya zaro, ya miƙa. Ta fiƙe bakinsa biyu, ta cusa ɗaya ƙarƙashin ɓawon ƙasa, ta ɗan lanƙwasa shi ta cusa ɗayan a na sama, ta kafe da siririyar ƙusa, ta shafe da narkakken kaki. "Miƙo wani." Haka suka yi ta yi su biyu, inuwar ganye tana yawo a bayanta, ƙamshin ɓawon lemo ya cika gidan, har gindin bishiyar ya zama kamar an kewaye shi da yatsu. Mu muna tsaye kamar baƙi.

Da ta gama, ta share hannu ta dubi sama. Ta ce akwai abu ɗaya da ya rage, kuma ba mai daɗi ba ne. Dole a tsinke 'ya'yan nan duka, a rage rassa, domin duk abin da bishiyar ta samu ya tafi wajen ɗinke rauni.

Baba ya girgiza kai. Mahaifiyarmu ba ta taɓa bari a tsinki ɗanye ba.

Inna ba ta yi gardama ba. Ta koma ta zauna kusa da kujerarsa. Can ta ce, "Na ji an ce ita ta dasa. Da na so in san ta. Wanda ya zaɓi wurin nan ya san rana, ya san inda ruwa ke kwanciya." Ta juyo ta dube shi. "Malam, in mai jego ba ta da lafiya, ai karɓar jaririn ake yi a riƙe mata har ta warke. Ba ƙwace mata aka yi ba."

Ya daɗe yana kallon 'ya'yan. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna na kusa da shi. Shi aka fara tsinka, aka sa masa a hannu.

Abin bai zo da sauƙi ba. Wasu daga cikin rassan gadar suka bushe suka yi baƙi. Ganye ya fara rawaya daga ƙasa, yana zuba a cinyar Baba. Yaya ya daina magana a kan batun, wanda ya fi maganarsa ciwo. Inna ta riƙa zuwa duk ranar hutu, mota biyu take hawa. Ta ɗan kankare gadar da farce, in ta ga kore ta rufe, in ta ga launin ruwan ƙasa ta cire ta sa sabo. In ta gama sai ta zauna ta sha shayi da Baba, tana ba shi labarin shirmen Baba Tela, yana dariyar da ba ta da sauti. Na lura ranar da za ta zo yakan cinye abincinsa.

Wata safiya ta kira ni gindin bishiyar. Ta tona ƙasa da yatsu a hankali, can gefen da inuwa ke ƙarewa, ta ɗebo ɗan dunƙule a tafin hannu ta kai wa Baba har gaban idonsa. A cikin baƙar ƙasar akwai wasu 'yan zare farare tas, masu laushi kamar gashin jariri.

"Sabuwar saiwa ce, Malam. Kaya sun isa ƙasa."

Ba a jima ba amsar ta hau. A kan rassan da aka datse, toho ya ɓullo, kore mai haske kamar an kunna shi daga ciki. Shekarar ba ta sake yin fure ba. Ta biyun ta yi, fari fat, har ƙudan zuma suka riƙa kwana a unguwar. Baba ya zauna a ƙarƙashinta furanni suna sauka a kan hularsa da kafaɗunsa, idonsa a rufe, ya hana a kakkaɓe. Da Inna ta zo, ya kama hannunta da nasa mai lafiya. Mun zaci godiya zai yi. Sai ya kira sunan mahaifiyarmu, sarai, ba gargada, karo na farko tun da ya kwanta, kamar yana gabatar da su ga juna.

Ya rasu bayan an ci 'ya'yan wannan shekarar. Bishiyar tana nan. Rassan gadar sun yi kauri sun manne da juna, sai ka duba da kyau za ka gane inda aka yi aikin.

Ke ce mai hannun sanyi, Inna. Ke ce kika san cewa wanda ke zaune a gindin bishiya shi ma yana cikin abin da aka zo jinya. Ba ki karɓi ko lemo ɗaya ba sai da Yaya ya bi ki da kwando har bakin titi, shi da ya ce a sare.

Yanzu idonta ya fara yana, hannun ma ba ya tsayawa cak a ƙarƙashin madubi kamar da. Ita ta fara faɗin haka, tun kafin kowa ya lura. Ta shafe shekararta ta ƙarshe tana zaunar da duk wanda ya yarda ya koya, ɗalibi ko lebura, tana riƙe wuyan hannunsa har ya gane nauyin reza. A taron sallama Farfesa ya zo da sandarsa, ya tashi zai yi jawabi, ya kasa, ya zauna. Ita ce ta ƙare da ba shi baki.

Baba Tela ya kira ni bayan kwana kaɗan yana dariya. Ya ce ranar Litinin ta farko ta tashi ta shirya tsaf ta fita, bai hana ta ba. Sai da ta kai tashar mota ta tuna ta ajiye aiki. Ta zauna a benci, motar da ta saba hawa ta zo, direban ya yi mata hon, ta ɗaga masa hannu ya wuce. Tana zaune sai idonta ya kai kan bishiyar da ke yi wa tashar inuwa. Wani ya taɓa ɗaura allon talla da waya a jikinta, allon ya daɗe da faɗuwa, wayar ta nutse cikin ɓawo.

"Sai ga ta ta dawo gida da sauri," in ji shi. "Na ce, har an tashi? Ta ce, 'Malam, ina filayarka?' Yanzu haka kullum da safe sai ta fita da ita a jaka, tana cire wa bishiyoyi waya. Ta gama layinmu, ta shiga na bayanmu. Ni dai an bar ni ba filaya."

Inna, na gode. Na gode a madadin ɗaliban da suka sa rigar kammala karatu ba su san da wane hannu aka haɗa tsiron da suka rubuta a kai ba. Na gode a madadin Yaya, wanda bakinsa ba ya iya irin wannan magana. Na gode a madadin Baba. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya ba ki tsawon rai cikin lafiya, ya sa ki ga jikokin jikokinki suna wasa a inuwa.

Ku kuma masu karatu, a kowace ma'aikata akwai irinta. Akwai wanda ke riga kowa zuwa, wanda in aikinsa ya yi kyau ba a ganin sa sam. Ku neme shi tun yana nan, ku zauna kusa da shi ku koyi abin da ke hannunsa, ku gode masa da baki yana ji. In kuma wata safiya kuka ga wata dattijuwa a bakin titi ta tsuguna a gindin bishiya tana fama da tsatsattsiyar waya, kada ku wuce. Hannunta ya fara rawa. Ku tsaya ku riƙe mata ɗaya bakin.